Malamin Lesin a Zongon Lome: Yadda Ake Gane Na Ƙwarai

Ɗan kasuwar Zongo ba a yi masa rufa-ido a kan haja. In sa zai saya a kasuwar dabbobi ta Adétikopé, sai ya duba haƙori, ya taɓa tozo, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. In dilar gwanjo ce a Hédzranawoé, sai ya san inda ta fito da hannun da ya ɗaure ta. Amma wannan mutumin dai, da an ce masa ga wani saurayi can ya iya Faransanci, sai ya buɗe masa ƙofar gida, ya miƙa masa 'ya'yansa, ya riƙa biya duk ƙarshen wata, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. Sai ƙarshen shekara, an ce yaro zai maimaita aji, sannan a fara neman mai laifi.

A nan Lome repetita ake ce masa, 'yan uwanmu da suka zo daga Najeriya kuma su ce malamin lesin. Na yi wannan sana'a shekara huɗu lokacin ina karatu a Jami'ar Lome, ina bin gidaje tsakanin Agoè-Zongo da Togblékopé, yau kuma ni ne uban da ke biyan wani ya zauna da nawa yaran. Abin da na gani a ɓangarorin biyu shi zan faɗa.

Me ya sa gidajenmu suka fi buƙata?

Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birni a 1977 aka maido da iyayenmu nan arewacin Lome, abubuwa da yawa sun sauya. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya fitar da littafi a 1983 a kan 'yan kasuwar Zongon Lome, ya nuna yadda harka take tafiya tsakanin maigida da yaransa da dillalai. A wancan zamani yaro a gindin maigidansa yake koyon komai. Yanzu kuwa kwantena ba ta fita daga tashar jirgin ruwa sai da takardu, harajin OTR takarda ne, hayar shago takarda ce, kuma duk da Faransanci. Wanda ba shi da ɗa mai karanta su, kullum a hannun wani yake.

Sannan a dubi kayan da yaronmu ya ɗauko. A gida Hausa, ko Zabarmanci, ko Kotokoli. A titi Mina. A Islamiyya Larabci. Ranar da ya shiga CP1 sai a ce ya koyi karatu da lissafi da harshen da ko a mafarki bai taɓa ji ba, a cikin ajin da ya cika maƙil. Tun 2008 gwamnati ta soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, yara suka ƙaru, abin alheri ne, amma mushe ɗaya ba zai iya bin kowane yaro ba. Ɗan ma'aikaci in ya koma gida akwai mai duba masa littafi. Namu kuwa, Baba yana Kwatano ko Yamai ko Guangzhou, Mama ta san lissafin kasuwa kamar yunwar cikinta amma ba ta karanta Faransanci.

Hanyar kuma doguwa ce: shekara shida a firamare, daga CP1 zuwa CM2, a yi CEPD, shekara huɗu daga 6e zuwa 3e, a yi BEPC, sannan shekara uku, da BAC na ɗaya da BAC na biyu. Ramin da aka bari a CP2, shi ne yake haɗiye yaro a 3e.

Ai mun riga mun san malami

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, koyarwar mutum ɗaya da malami ɗaya gadonmu ce. A makarantar allo kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Malam ya biya maka, ka je ka maimaita, ka dawo ka kawo. Ba a wanke allo a yi maka ƙari sai ka iya na jiya, ko da abokinka ya wuce ka da izu biyu. A makarantar zaure ma haka: wannan da Ahalari, wancan da Iziyya, wani da Risala, kowa ya matso ya karanta nasa, malam ya fassara masa da Hausa har ya gane. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, a garin da ya taɓa zama ƙarƙashin Togon Jamus, har jami'in Jamus Adam Mischlich sai da ya zauna gabansa yana ɗaukar Hausa da tarihin Hausawa.

Turawa ma sun auna wannan hanya. A 1984 Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago a Amurka ya bayyana cewa ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ana gwada shi ana gyara masa kafin a wuce gaba, ya fi kashi 98 cikin 100 na waɗanda aka koyar a aji na gama-gari. Binciken da ya biyo baya bai sami tazara mai girman haka ba, amma ya tabbatar da amfanin abin. A lura da sharaɗin: gwaji da gyara kafin ƙari. Wato dai ba a wanke allo sai an iya. Ma'aunin da za mu ɗora malamin lesin a kai ke nan.

Na ƙwarai da awo yake farawa

Ranar farko, malamin kirki ba ya buɗe darasin da aka yi yau a lakwal. Zai ba yaro ɗan rubutu ya karanta da ƙarfi, ya yi masa shifta ta layi huɗu ko biyar, ya ba shi lissafi tun daga tarawa har rabawa, don ya ga inda ƙafarsa take tsayawa.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta taɓa kirana a kan 'yarta da ke CM1. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ba ta da ƙwaƙwalwa ne ko me? Shekara biyu ina biyan lesin, kullum huɗu bisa goma." Na ba yarinyar littafinta, ta karanta shafin kamar ruwa. Na rufe littafin, na rubuta kalmomi biyar daga cikin shafin a warwatse, ta kasa karanta ko ɗaya. Ashe hadda ta yi. Haruffan da ake haɗawa su ba da sauti ɗaya, irin su ou da oi da an, ba ta taɓa gane su ba. Na ce, "Hajiya, ƙwaƙwalwar da ta haddace shafi guda ba tare da karantawa ba ai ba ƙarama ba ce. Sai dai mu koma littafin CP." Ranta bai so ba, ta ce kuɗin CM1 take biya. Ta dai haƙura. Bayan wata huɗu yarinyar tana karanta mata takardun kaya a shago.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna a duniya da wannan dabara: a koyar da yaro daga matakin da yake, ba daga ajin da aka rubuta sunansa ba. Saboda haka in malami ya ce zai mayar da ɗanka baya, kada ka ji haushi. Wanda za ka ji tsoro shi ne wanda ya ce komai lafiya tun ranar farko.

Ya san inda ɗan Bahaushe yake tuntuɓe

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai wuraren da yaranmu suke faɗuwa wanda ɗan Ewe ba lalle ya faɗi a nan ba. A Hausa rana mace ce, wata namiji: rana ta fito, wata ya tsaya. A Faransanci an juya, le soleil namiji, la lune mace. Bakinmu yana gauraya p da f, yana mayar da v ta koma b, wannan kuwa a shifta maki ne ke zubewa. Ga haruffan da ake rubutawa ba a furtawa. Ga ƙidaya: saba'in a Faransanci sittin da goma ce, tamanin ashirin huɗu, casa'in ashirin huɗu da goma. Yaro ya ji quatre-vingt-douze sai ya rubuta 4, ya rubuta 20, ya rubuta 12, alhali 92 ake nufi.

Babbar kuma ita ce dala. A kasuwa da dala muke ƙirga, kowace dala sefa biyar. Yaron da ya tashi a shago ya san ɗari ita ce 500, hamsin 250, jaka kuma 1,000. Wannan yaro ya fi mushensa saurin ba da canji, amma a takarda sai a ba shi sifiri, don yana lissafi da dala a kai, yana rubutawa da sefa. Malamin da ya gane haka zai mayar da shagon uban yaron ajin lissafi. Ba dole ne malamin ya zama Bahaushe ba. Na ga 'yan Kabiye da 'yan Ewe da suka fi namu iya koyarwa, don suna tambayar yaro, "Yaya kuke cewa da yarenku?" Namu kuma da ya ji Hausa, kada ya mayar da darasin duka hira da Hausa. Ya buɗe ƙofa da Hausa, a shiga ɗaki da Faransanci, domin ranar jarrabawa ba mai fassara.

Bik a hannun wa yake?

Ki leƙa, Hajiya, ko da ba ki jin abin da suke faɗa. In kullum malam ne ke magana yana rubutu, yaro ya zuba tagumi yana gyaɗa kai, to kuɗinki malam yake ƙara wa ilimi. A zama mai kyau, bik yana hannun yaro, bakin yaro ya fi motsi, malam yana tambaya yana jira.

Mafi sharri shi ne wanda yake yi wa yaro aikin gida. Yana da daɗi ga kowa: yaro ya huta, makin aikin gida ya hau, uba ya yi murna. Alamarsa ɗaya ce, kuma ba ta ɓuya: aikin gida 16 bisa 20, jarrabawar aji 5 bisa 20. Duk inda ka ga wannan tazara, to hannu biyu ne ke rubutu a gidanka.

Ya san jarrabawar da ake tunkara

Iya Faransanci daban, sanin manhaja daban. Tambaye shi: wane littafi ake amfani da shi a ajin yaron bana? Yana da takardun jarrabawar shekarun baya? A sakandare kowane darasi da nauyinsa wajen haɗa maki, kuma 10 bisa 20 ake nema a tsallake. Wanda ya san aikinsa zai ɗauki takardar sakamako ya nuna maka darasin da ya fi jan yaron ƙasa, ya ce a nan za a zuba ƙarfi. Ɗan ajin D da ke fama da lissafi da kimiyya ba buƙatarsa ɗaya da ɗan A4 ba. Wanda ya ce maka shi kaɗai zai koyar da lissafi da falsafa da Ingilishi da kimiyya a tarminal, ka yi masa godiya ka sallame shi.

Mu kuma masu ƙafa biyu, ɗaya a Togo ɗaya a Najeriya ko Ghana, sai mu yanke shawara da wuri. Akwai masu kai yara makarantun Ingilishi, har da masu tsallakawa Aflao, don suna son yaro ya yi WAEC ya nemi jami'a ta JAMB. Wanda ya ƙware a BEPC ba shi ne zai shirya yaro wa WAEC ba. Ka faɗa wa malami inda ka dosa kafin a fara.

Hali da amana

Wannan mutum cikin gidanka zai shiga, ya ga matanka da 'ya'yanka, wata ƙila kana tafiya. Yadda ba ka ba baƙo bashin kaya sai da wanda ya tsaya masa, haka nan ma. Ka nemi gida biyu da ya taɓa koyarwa, ka je da ƙafarka ka tambaya. In ɗalibin jami'a ne, ka ga katinsa. Ka san inda yake kwana.

Darasi a fili ake yinsa, a tsakar gida ko a falo ƙofa a buɗe, inda babba yake gani. Ba a ɗaki ba, ba a gidan malam ba, kuma wannan doka ta shafi yara maza kamar yadda ta shafi mata. Lambar wayar uwa ko uba ce a hannun malam, ba ta yarinya ba. In budurwa ce, a nemi malama. Akwai 'yan matanmu da suka yi BAC suna zaune a gida, su ma taimako ne gare su. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajis ta riƙa turawa su koyar da mata 'yan uwansu. In yaro ya fara ɓuya ko ciwon ciki duk lokacin da malam zai zo, a ja shi gefe a tambaye shi da lallashi. Ruwa ba ya tsami banza.

Sai bulala. Wasu iyaye da kansu suke cewa, "Mushe, ka dake shi, nama naka ƙashi nawa." Yaron da ke tsoro ba ya cewa ban gane ba, kuma wannan kalma ita ce dukan abin da ka biya kuɗi don a ji. Sai waya: wanda ya ba yaro aiki ya duƙufa a WhatsApp, rabin lokacinka ya sayar maka.

Game da ɗaukar mushen ajin yaron kuwa, ni ban cika so ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, da yawa ma. Amma wanda yake karɓar kuɗinka da yamma, shi ne kuma yake ba ɗanka maki da safe, ka rasa ma'aunin da za ka gane gaskiya. Gara mai koyarwa daban, mai aunawa daban.

Yadda za ka auna ko ba ka jin Faransanci

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku yi da malam cewa watan farko na gwaji ne. Sannan duk mako ka yi abu uku. Ka ɗauko rasit ko kwalin magani ko gwangwanin madara, abin da ba ya cikin littafinsa, ka ce ya karanta ya faɗa maka da Hausa. Ka ba shi lissafin shago a rubuce: turmi 7 a kan 8,500 kowane, mai saye ya ba da 60,000, nawa ne canji? In ya rubuta 59,500 ya ce saura 500, to ana tafiya. Sannan ka ce, "Koya mini abin da Mushe ya koya maka yau." Wanda ya gane zai iya faɗa da harshen uwarsa.

A ware littafin rubutu guda na lesin kawai, kowane zama da kwanan wata. Ko ba ka karatu, kana gane kwanan wata, kana gane jan bik, kana gane ko rubutun yaro ne ya fi yawa. In kana kan hanya, a ɗauki hoton shafin a turo maka. Kuma sau ɗaya a zango ka je lakwal da kanka, ka tambayi mushen ajin ko ya ga canji.

Namu laifin

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau nawa malam ya biya kuɗin zemijan ya zo, aka ce an aiki yaro kasuwa? Sau nawa aka tara masa yara biyar, daga ɗan CP har ɗan 4e, a kan kuɗin mutum ɗaya, ga talabijin tana yi? Sau nawa wata ya ƙare aka ce sai Alhaji ya dawo, alhali Flooz tana aiki ko daga ina? Mun san darajar kuɗin Laraba, mun san ba a wasa da haƙƙin malami. Ɗalibin da ke bin ka bashin wata biyu, ranar da ya sami wani gida ba zai yi sallama ba.

Ka yi lissafi irin na kasuwa. A ce jaka goma kake biya a wata. Wata tara jaka casa'in ke nan. In arha ta sa ka ɗauki na jaka biyar yaro ya maimaita aji, ka yi asarar jaka arba'in da biyar, da kuɗin makarantar shekara guda, da shekarar kanta wadda ba a sayenta. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: malamin da aka kira a watan Afrilu don jarrabawar Yuni, hadda kawai zai iya ɗura wa yaro.

A kuma tausaya wa yaran. Lakwal da safe, Islamiyya da yamma, allo bayan magariba, lesin bayan isha'i, yaro ɗan shekara tara yana gyangyaɗi a kan littafi. Zama uku a mako na awa ɗaya ko ɗaya da rabi, yaro yana a farke, ya fi zama shida yana barci. A zauna da malamin Islamiyya a raba lokaci, kada a sa yaro ya ga kamar karatun biyu kishiyoyi ne. Abin yana iya wuce gona da iri: Koriya ta Kudu ta haramta lesin a 1980 har sai da kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000, China kuma a 2021 ta hana kamfanoni cin riba da lesin manyan darussan makaranta, saboda nauyin da ya yi wa yara da aljihun iyaye. Mark Bray, a littafin da ya rubuta wa UNESCO a 1999, ya kira shi karatun inuwa, don makaranta yake bi duk inda ta juya. Inuwa kuwa ba ta maye gurbin bishiya.

Alama ta ƙarshe sai an daɗe ake ganinta. Malamin ƙwarai yana koya wa yaro yadda zai buɗe ƙamus, yadda zai tsara bitarsa, yadda zai gano kuskurensa da kansa, har wata rana ya zo ya ce maka, "Alhaji, yaron nan ya tsaya da ƙafarsa, a rage zaman zuwa sau ɗaya a mako." Wanda ya rage wa kansa kuɗi don ya faɗa maka gaskiya, ka riƙe shi da kyau, ka ba shi ƙannen, ka kuma gaya wa maƙwabta.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya haɗa su da malamai masu amana.